Taitaniyam a bindigar farauta: sauƙin nauyin ya kai kuɗinsa kuwa?

Da yawanmu mun fara jin sunan taitaniyam ne a watan Satumban 2023, lokacin da kamfanin Apple ya fito da iPhone 15 Pro yana ta kururuta cewa an yi gefunanta da ƙarfen da ake ƙera jiragen sama. Wayar ta sauko daga giram 206 na wadda ta gabace ta zuwa giram 187. To amma tun kafin masu waya su san da shi, mafarautan duwatsu a Amurka sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan ƙarfe. Tun a 2001 kamfanin Remington ya fitar da samfurin Model 700 na taitaniyam, daga baya ƙananan maƙera masu yi wa mutum bindiga daidai yadda ya nema suka bi sahu. Na ga ya dace mu leƙa muhawarar tasu, domin a can ne aka fi auna wannan ƙarfe giram bayan giram. Ni dai a ganina, sunan taitaniyam ya fi amfaninsa sayar da kaya.

Ɓangaren da ake magana a kai shi ne tsakiyar bindigar, inda ake ɗaura bututu daga gaba, inda kuma sakata ke tura harsashi ta kulle shi, ta zaro kwanson bayan harbi. Bari mu kira shi gidan sakata. Shi ne dunƙulen ƙarfe mafi nauyi bayan bututu, shi ya sa ido ke kansa idan ana neman rage nauyi.

Masu son taitaniyam suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Mai farautar ragon dutse a Alaska yakan yi kwanaki yana hawan tsauni da tanti da abinci da ruwa a bayansa, bindigar na rataye a kafaɗa, ƙila sau ɗaya tak zai harba ta a duk tafiyar. Irin wannan mutum kowane giram yana ji a gwiwarsa. Idan aka yanko taitaniyam da ƙarfen sitil masu girma ɗaya, inda sitil ya yi giram 7.8, taitaniyam zai tsaya a wajen 4.5 ne, wato an rage fiye da kashi 40 cikin ɗari. Nau'in da aka fi amfani da shi, wanda ake gaurayawa da kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, yana da ƙarfin da zai yi kafaɗa da kafaɗa da sitil iri-iri. Ga shi ba ruwansa da tsatsa, ko a gaɓar teku inda iska mai gishiri ke cin ƙarfe.

Sai dai kashi 40 ɗin nan na ƙarfen ne, ba na bindigar ba. Bututu da sitil ake yin sa, domin shi ke jure zafi da gogar harsashi. Ita ma sakatar yawanci da sitil ake yin ta, saboda wani hali na taitaniyam da masu talla ba su cika ambata ba: idan ya riƙa goga da ɗan'uwansa sai su dinga cizon juna, fuskar ta yi kaushi, abin da ya kamata ya zame sai ya riƙa maƙalewa. Don haka ake lulluɓe shi da wani shafe mai tauri, ko a haɗa shi da wani ƙarfen daban. Duk da haka mafarauta da dama na cewa sakata ba ta sulɓi a cikinsa kamar yadda take yi a gidan sitil. Idan aka cire bututu, aka cire sakata, aka cire ƙota da madubin hange, abin da ya rage wa taitaniyam shi ne ɓawon gidan kawai. Ribar da ake samu a nan takan tsaya ne tsakanin giram 200 zuwa 300, wato kamar rabin ledar fiya wata.

Akwai kuma batun ƙarfi da ƙagewa, waɗanda mutane ke ɗauka abu ɗaya ne alhali ba haka ba ne. Taitaniyam yana da wuyar karyewa, amma ya fi sitil miƙewa: idan aka danne su da nauyi ɗaya, zai ba da kai kusan ninki biyu na yadda sitil zai bayar kafin ya koma yadda yake. Wannan ba yana nufin gidan da aka ƙera da kyau zai fashe ba. Yana nufin dole maƙeri ya bar kauri a wuraren da da sitil ne zai fiƙe, kuma duk kaurin da aka bari ya ci wani abu daga ribar nauyin.

Tsadar kuma ba ta rashin ma'adinin ba ce, domin taitaniyam shi ne na tara wajen yawa a ɓawon ƙasa. Wahalar tana wajen tace shi. Har yau hanyar da William Kroll ɗan ƙasar Lukzambag ya samar wajen 1940 ake bi, aiki ne mai cin kwanaki da wutar lantarki. Bayan an samu ƙarfen, sai wahalar sassaƙa: taitaniyam ba ya watsa zafi, sai zafin ya taru a bakin wuƙar inji ya cinye ta, dole a tafi a hankali ana canza wuƙaƙe. Mai saye ne ke biyan duk wannan, ƙarin ɗaruruwan daloli a kan gidan sakata kaɗai.

Abin da ya fi ƙarfafa mini ra'ayi shi ne an riga an cim ma wannan buri ba tare da shi ba. A 1985 wani maƙeri a jihar West Virginia, Melvin Forbes, ya kafa Ultra Light Arms. Maimakon ya canza ƙarfe, sai ya sake fasalin gidan, ya ƙanƙantar da shi daidai girman harsashin da zai ɗauka. Ya sa wa samfurin suna Model 20 saboda nauyin gidan oza 20 ne, kimanin giram 570, kuma da sitil. Bindigar gaba ɗayanta ba ta kai kilo biyu da rabi ba. A 'yan shekarun nan kamfanin Defiance Machine na jihar Montana ya fito da gidan sitil da aka rarake duk inda ba a buƙatar nama, ya sa masa suna anTi. Ti ita ce alamar taitaniyam a ilimin sinadarai, kun ga habaicin a fili yake.

Sannan ko an samu sauƙin, ba kyauta ba ne. Bindiga tana shuri idan an harba ta, kuma nauyinta ne ke shanye shurin. Idan harsashi ɗaya ne, bindiga mai kilo 3 za ta daki kafaɗa da ƙarfin da ya fi na mai kilo 4 da kashi ɗaya bisa uku. Marar nauyi kuma ta fi rawa a hannun wanda ya hawo dutse yana haki. Mafarauci zai iya kashe kuɗi ya rage giram 250, ya isa inda zai harba ya kuskure saboda tsoron shuri.

Ban ce babu wanda ya kamata ya saya ba. Wanda ya riga ya rage nauyin tantinsa da takalminsa da ƙotar bindigarsa, yake farauta inda ruwan sama da gishiri ba sa ɗagawa, kuma aljihunsa zai ɗauka, wannan giram 250 ɗin nasa ne, ya cancanta. Amma irinsu ba su da yawa ko a Amurka. Mafi yawan masu farautar barewa a can daga mota suke takawa zuwa wurin fako, su zauna su jira.

Ita ma Apple ta ɗanɗana ɗaya daga cikin waɗannan halaye. Rashin watsa zafin da ke cinye wuƙar inji bai dace da waya mai ƙaramar kwakwalwa da ke ɗumama idan ana ɗaukar bidiyo ko wasa ba. A Satumban 2025, shekara biyu kacal bayan waccan kururuwa, iPhone 17 Pro ta fito da jikin alminiyam, kamfanin da kansa yana yabon yadda yake fitar da zafi. An bar taitaniyam a siririyar iPhone Air, inda ake buƙatar ƙarfen da zai hana ta lanƙwashewa a aljihu.