Mari Ba Ya Maganin Ƙwaya

Muna roƙon a ba mu ɗan fili mu amayar da abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mun san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan mujallar marubuta da zancen 'yan ƙwaya? Amsarmu ita ce, marubuta sun fi kowa zana hoton ɗan ƙwaya a zukatan jama'a, saboda haka idan hoton ya fito a karkace, su ya kamata a fara tambaya.

Ku ɗauko littattafan da wasu 'yan'uwanmu ke fitarwa, da waɗanda ake karantawa a rediyo da wayoyin hannu, ku duba yadda ake yi da mai shaye-shaye. Labarin guda ne, suna kawai ake sakewa. Yaro ya haɗu da mugayen abokai, ya fara da taba, ya koma wiwi, ya sace sarƙar uwarsa, a babin ƙarshe kuma ga shi can a kan bola yana tsince-tsince. In mace ce, daga kodin sai gidan magajiya, daga nan sai ciki, sai mutuwa a kan gwiwa. Sai marubuci ya gyara zama ya rufe da cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho. To, mun ji hoho. Bayan hoho fa? Jaririn da aka bari a shafin ƙarshe, wa ya ɗauke shi? Mutumin kan bolar nan, da gari ya waye ina ya nufa? Marubucin ya tashi daga aiki daidai wurin da aikin ya fara.

Mu da ke zaune a kudancin kogin Kaduna ba mu da damar rufe littafi, domin kuwa da waɗannan bayin Allah muke kwana muke tashi. Duk wanda ya bi ta Kakuri da Makera da Nasarawa da garejin Television da asuba, zai ga masu kwana a rumfunan kasuwa da gindin kangaye da gefen layin dogo. Ba daga sama suka faɗo ba. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a zamanin Sardauna, sannan Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya, har yankin ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan, inda jiniya ke tada dubban magidanta zuwa aiki dare da rana. A 2002 KTL ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka mutu ba su karɓa ba. A 2007 UNTL ta sallami dubbai. A tsakanin haka ga rikicin 2000, ga na 2002, ga na 2011, waɗanda suka raba mutane da gidajensu, suka bar marayu da zawarawa. Yaron da yake goye ranar da jiniyar KTL ta yi shiru, yau ya haura shekara ashirin. Marubucin da zai ba da labarinsa ya tsallake duk wannan, ya ɗora laifi kan mugayen abokai kaɗai, ya ci amanar labari.

Al'amarin kuwa ya wuce a ce na 'yan tsiraru ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu kuma abin ya riga ya zame musu ciwo. A Jihar Kaduna lissafin ya kama kusan mutum ɗaya cikin goma. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, cikin kowane huɗu masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce. A shekarar nan ta 2018 BBC ta fitar da rahotonta kan kodin, gwamnati ta yi wuf ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi. Madalla da haramci. Amma waɗanda jikinsu ya riga ya saba fa? An toshe rijiya an bar su da ƙishirwa, sai suka koma tiramol da roci da sholisho da duk abin da hannu ya kai gare shi.

Magani uku al'ummarmu ta sani, kuma ukun duka muna da ja a kansu.

Na farko shi ne mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake fito da 147 daga wani gidan a Rigasar, har da mata, aka kuma yi irin haka a Daura da Katsina da Zariya. Duniya ta yi ca a kanmu. Mu dai ba za mu zagi iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin tambaya shi ne, da aka rufe gidajen mari, gida nawa aka buɗe a madadinsu? Kuma masu kewar mari su sani, sarƙa ƙafa take ɗaurewa, ciwon kuwa a ƙwaƙwalwa yake. Likitoci sun tabbatar cewa wanda aka tsare wata da watanni ba tare da jinya ba, jikinsa yakan manta da yawan abin da ya saba sha, ranar da ya fito ya koma wa tsohon ma'auninsa, sai numfashi ya tsaya. Sau nawa muka ji an ce wane ya fito jiya, yau an yi jana'izarsa?

Na biyu shi ne kame. Tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA, kuma ba mai hankalin da zai ce a ƙyale dillalai, waɗanda suke gina benaye da hawayen uwaye. A kama su, a hukunta su. Amma shara da ake yi wa masu kwana a titi, a loda su a mota yau, a sako su jibi, wannan shan ruwa da rariya ne. A 2015 gwamnatin jiha ta hana bara a titunan Kaduna. Titi ya yi fes na ɗan lokaci, amma wanda ba shi da ɗaki doka ba ta yi masa ɗaki ba, lungu kawai ya sake.

Na uku shi ne taro, kuma nan ne muke son mu taka sawun wasu ƙungiyoyi masu kiran kansu na sa-kai. Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara, ranar yaƙi da ƙwaya ta duniya, za ka gan su da riguna iri ɗaya da huluna, a yi tattaki, a shiga otal a karanta ƙasida, a ci shinkafa da kaza, a ɗauki hoto a aika wa masu ba da tallafi. Wadda aka yi taron dominta tana bakin ƙofar otal ɗin da goyonta, maigadi yana korarta. Kuɗin rigunan nan kaɗai da zai biya hayar ɗaki na shekara.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana nan tun 1975, yana kuma da sashen jinyar masu shaye-shaye. A 2016 jiha ta yi dokar da ta haifar da hukumar KADBUSA don rigakafi da jinya. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata da muka gada daga Turawan mulki. Akwai kuma limamai da fastoci da matan unguwa masu ƙoƙari da aljihunsu, ba wanda ya san sunansu. Sai dai asibiti wurin jinya ne, ana shiga da kuɗi, ana fita zuwa gida. Wanda gidansa rumfar kasuwa ce, in an sallame shi, an mai da shi hannun dillalinsa ke nan.

Mu tsaya a kan uwa, domin nan gizo ke saƙa. Namiji in ya lalace ana cewa ƙuruciya ce, a yi masa aure ya nutsu. Mace in aka ga kwalba a jakarta, sai saki, gidan iyaye kuma a ce ta jawo abin kunya. Ta fito da yara biyu ko uku. A ce yau ta yi niyyar dainawa. Wanda ya saba da kodin ko tiramol, in ya tsaya, sai ya yi kusan mako yana fama da zufa da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. A cikin makon nan wa zai dafa wa yaran? Ɗakin jinyar ƙwaƙwalwa ba wurin shiga da goyo ba ne. Tana kuma tsoron in ta buɗe baki dangin miji su ƙwace 'ya'yan, ba ta ƙara ganinsu ba. Saboda haka sai ta zaɓi 'ya'yanta a kan lafiyarta, mu kuma mu ce taurin kai gare ta. In tana da ciki abin ya fi haɗari, domin yanke irin wannan ƙwaya farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya ɓarar da cikin, jaririn kuma yakan zo duniya da ƙishirwar abin da uwarsa ke sha. Mu da muke koyarwa mun san ƙarshen zancen: yarinyar da ke gyangyaɗi a aji don ita ke renon ƙannenta da uwarta, har ranar da za a kira sunanta a rajista a ji shiru.

Abin da muke nema ba shi da wani sarƙaƙiya. Gida muke nema, na al'umma, wanda ba a kafa don riba ba, inda mace za ta shiga da 'ya'yanta ba a raba su ba. A samu ma'aikaciyar jinya, likita ya riƙa leƙowa daga Barnawa, yara su tafi makarantar unguwa da safe, uwa ta koyi ɗinki ko saƙa, a garin da saƙa ta gina. A yi wani daban na maza marasa matsuguni. Ƙofa a buɗe, ba sarƙa, ba bulala, wanda ya zame ya dawo a karɓe shi, domin komawa ruwa ɗabi'ar wannan ciwo ce, kamar yadda hawan jini ke tashi bayan ya sauka.

Wani zai ce wannan tunanin Turawa ne. To, a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ce ta zo Nijeriya koyon wannan. Ƙasar Finland kuwa tun 2008 ta ɗauki tsarin fara ba mara gida ɗaki kafin a nemi ya daina sha, kuma masu kwana a titi suka ragu ƙwarai a can.

Wani zai ce su suka jefa kansu, don me za a kashe musu dukiya? Wannan mai magana ya koma makaranta. Giya ma ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka. Ya kuma tabbata a Buhari cewa an sha kawo wani sahabi gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mu su wa da za mu yanke ƙauna? Maƙwabtanmu Kirista kuma suna da misalin ɗan nan da ya ɓatar da gadonsa, ubansa ya tarye shi da yanka. Ko da ma a ce uwar ta yi laifi, jaririn da ke bayanta me ya sha?

Wani kuma zai ce ina kuɗi? Fakirai da miskinai su ne farkon waɗanda aka lissafa cikin masu cin zakka. Attajirin da ke zuwa Umra kowace shekara, ya tsallake ta bana ya yi waƙafin gida ɗaya a Makera. Majami'un da ke tara baiko kowace Lahadi a Sabon Tasha da Narayi su ware na wata guda. Tun 2000 kogin nan ya zama iyaka, kowa ya koma ɓangaren masu addininsa, amma dillalin ƙwaya kullum yana haye gada, ba ya tambayar sunan mai saye. Abin kunya ne a ce mai sayar da guba ya fi masu wa'azi haɗa kan Kaduna.

Ya ku 'yan'uwa ma'abuta alƙalami, manya da masu tasowa, ba mu ce ku yi wa ƙwaya kwalliya ba. Cewa muka yi ku ƙarasa labari. Kafin ku kashe yarinyar nan a babi na goma, ku tako Kakuri ku zauna da irinta, ku ji yadda take kiran 'ya'yanta, ku ji sau nawa ta gwada dainawa. Ku rubuta mana wadda ta faɗi sau huɗu ta tashi a na biyar, da maƙwabciyar da ta riƙe mata yara, da mai unguwar da ya ba da ɗaki. Jama'a ba sa gina abin da ba su taɓa hangowa ba, hangowa kuwa aikinku ne. Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su keɓe zaman karatu guda na wannan zango a kudancin kogi, a gayyato ma'aikatan jinya da waɗanda suka warke, mu yi shiru mu saurare su.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.