Zare: Call of Duty, kuɗin CP da abin da na gani a Soron Ɗinki

1/ Duk wanda ya bi ta layinmu a Soron Ɗinki bayan isha'i ya san dakalin nan. Samari shida ko bakwai, kowa ya duƙufa kan waya, ba ka jin komai sai "yana bayanka! yana bayanka!" Ni ma ina cikinsu, don haka kada wani ya ce ɗan tsohon yayi ne yake magana.

2/ Call of Duty: Mobile ya fito 1 ga Oktoba 2019, kuma a makon farko an sauke shi sau miliyan 100. PUBG Mobile ya riga shi, tun 2018. Free Fire na Garena kuwa shi ne gatan mai ƙaramar itel, don ba ya wahalar da waya. Amma ni CODM ne ya kama ni: da idon sojan kake gani, bindiga kawai a gabanka.

3/ Saukewa kyauta ne. To ina kamfani yake samun kuɗi? A CP, a UC, a diamond. Wato kaya da fentin bindiga.

4/ Kwanaki muka haɗu a wasa da wani yaro ɗan Holan. Wallahi bai fi ni hannu ba, na kashe shi sau uku. Amma bindigarsa tana walƙiya kamar motar amarya. Shi da kudin Yuro yake saya. Ni kuwa tun da aka saki Naira a Yunin 2023 ko farashin ba na dubawa, ga ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Data, caji, sannan CP? Haba.

5/ Shi ya sa nake cewa mu ne masu cika fili, su ne kasuwa. Holan mutum wajen miliyan 18 ne kacal, amma a lissafin kamfani mai biya ɗaya ya fi mu goma masu kwana muna harbi.

6/ Ga inda abin ya dame ni. Ƙanena ɗan aji biyar na sakandare ya tara kuɗin da yake samu a shagon ɗinki, kuɗin da ya ce na rajistar jarrabawa ne, ya zuba a lucky draw. Ga yadda take: kaya goma, kana juyawa, kowane juyi ya fi na baya tsada, bindigar da kake so kuma kusan kullum sai can ƙarshe. Ya tsaya a juyi na shida, kuɗi sun ƙare. Abin da ya samu? Wata jaka da sitika. Kwana biyu bai iya haɗa ido da Umma ba.

7/ A Holan ɗin sun yi rigima a kan irin wannan. A 2018 hukumarsu mai kula da caca, Kansspelautoriteit, ta ce wasu akwatunan sa'a na cikin wasanni caca ne. Ta ci EA tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 10 saboda FIFA. A Maris 2022 babbar kotu ta soke tarar, gaskiya ne, amma duk da haka a shekarar ba a saki Diablo Immortal a Holan da Beljiyam ba. Kamfani ya gwammace ya bar kasuwar.

8/ Mu kuma fa? A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca na ƙwallo a Kano, kowa ya gani. Wadda ke cikin aljihun yaro ɗan shekara 16 babu mai maganarta, saboda manya suna ganin "gem ne kawai".

9/ Wani zai ce ai ba a cin kuɗi, fenti ake ci, don haka ba caca ba ce. To me ya sa ake sayar da akawun mai manyan bindigogi a guruf-guruf na WhatsApp? Abin da ake sayarwa ai kuɗi ne.

10/ Ban ce a hana wasan ba, yau ma da daddare ina dakali. Amma na cire katina daga wayar ƙanena, kuma a tawagarmu mun yi magana: duk wanda ya juya draw ranar, shi zai sayi shayi da burodi na kowa. Mutum biyu sun riga sun biya.