“Ai An Gane” Ba Hujja Ba Ce

Duk wanda ya taɓa gyara wa wani rubutun Hausa ya san amsar da ke jiransa: “Ai an gane.” Da wannan uzuri ake rubuta allunan shaguna a bakin titin Kalgo, da shi ake rubuta katin ɗaurin aure, takardar bashi da saƙon waya. Ni kuwa na ce ba a gane ba, canka kawai mai karatu ke yi, kuma ba kullum yake dace ba.

Mu ɗauki jimla ɗaya. Dangi sun aiki wani da rabon gadon wata marainiya, sai saƙo ya zo: “Ya bata kudin.” Shin ya ba ta kuɗin, ya sauke nauyi, ko kuwa ya ɓata kuɗin, ya ci amana? Tazara ɗaya da lanƙwasa ɗaya su ne iyakar da ke tsakanin yabo da ƙazafi, kuma irin wannan ruɗani ya isa ya raba zumunci. Haka ƙura take zama kura a hannun malalacin marubuci, baƙi su koma baki, mai ciwon ƙashi kuma ya rubuta abin da ba ya faɗuwa a gaban surukai.

Abin takaicin shi ne mu da muka yi boko mun fi kowa laifi. Matashin da zai duba ƙamus sau uku kafin ya aika takardar neman aiki da Ingilishi, shi ne zai haɗe “ba ka” da “a kan” yadda ya ga dama, in an yi magana ya ce ai Hausa ce. Ma'anar zancensa ita ce harshen mahaifiyarsa bai cancanci wahalarsa ba. Raini ke nan, kuma bai dace da garin da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke da mazauni ba.

Bai kuma dace da ƙasar Gwandu ba. Kusan shekara 200 da suka wuce, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, duk da ɗawainiyar jihadi da shugabanci, ya wallafa Al-Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Al-Hisnur Rasin a kan sarfu, domin ya san ma'ana ba ta tsira sai da ƙa'ida. Ko ɗan makarantar allo ya san ɗigo ɗaya ke raba dal da zal, kuma babu malamin da zai karɓi “ai an gane” daga gare shi.

Ƙa'idojin boko ma gumin mutane ne. A 1912 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutu. A shekarun 1930 aka shigo da ɓ, ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ta yaɗa su, sannan taron Bamako na 1966 ya sake duba lamarin. An share mana hanya, mu ne muka zaɓi bin jeji.

Wasu na ɗora laifin a kan waya. Amma manhajar Gboard tana da baƙaƙen Hausa kyauta, kuma raba “ya” da “zo” ba ya buƙatar komai sai kula. Wasu kuma na cewa Daidaitacciyar Hausa Kananci ce, mu kuwa Kabawa ne. Babu mai hana Bakabe karin harshensa, ni ma da shi nake alfahari. Sai dai mai rubuta “ɗiya” a madadin “'ya” shi ma yana buƙatar lanƙwasar ɗ, in ba haka ba ya rubuta diyya gurguwa.

Saboda haka, mai zanen allo ya nemi wanda zai duba masa kafin ya tsoma buroshi a fenti. Mai buga kati ya daina karɓar kuɗin jama'a yana sayar musu da kuskure. Malamin makaranta ya ja jan biro a kan “yazo” kamar yadda yake ja a kan kuskuren Ingilishi. Wanda aka gyara wa kuma ya yi godiya, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yaran da ke tafiya firamare a Kalgo suna karanta allunanmu kafin su buɗe littafi, kuma abin da suka gani shi za su rubuta.