Kafin Mu Ce Wane Daƙiƙi Ne

An gama girbi, damman hatsi sun shiga rumbu, kuma an kusa buɗe cibiyoyin karatun manya a ƙasar Belbeji da Tanut. Kafin a buɗe, ina da magana da malamai da ɗalibai baki ɗaya.

Aikina shi ne zagaya cibiyoyi. Duk inda na sauka, littafin kiran suna nake fara dubawa. A watan farko aji cike yake. A wata na uku sai in tarar an ja layi a kan sunaye. In na tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: "Wane kansa ba ya ja." Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Mutumin da ya san kowace akuya a garkensa, wanda yake lissafin tiya da buhu a ka ba kuskure, yaya za a ce kansa ba ya ja?

Mu fara da sanin yadda karatu yake faruwa. Ido ba ya karatu, hoto kawai yake ɗauka. Jijiya ta kai hoton can bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Daga nan wani ɗan wuri a ɓangaren hagu ya gane cewa wannan zane harafi ne, ya miƙa shi ga wuraren da suke kula da magana. Sai harafi ya zama sauti, sauti ya zama kalma. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Wani likitan Faransa mai suna Dejerine ya nuna haka a 1892. Ya duba wani ɗan kasuwa da ya wayi gari ba ya iya karatu. Mutumin yana gane fuskoki, yana magana daidai, har rubutu yana yi, amma ba ya iya karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Bayan rasuwarsa aka ga jini ya daina kaiwa wani wuri a bayan ƙwaƙwalwarsa ta hagu. Hanyar da ta haɗa gani da magana ce ta yanke.

Wannan hanya ba a haifi kowa da ita ba. Yaro yakan koyi magana a bayan uwarsa ba tare da malami ba, amma karatu sai an koyar. Kamar turba ce a daji: sawu ne yake fitar da ita.

Wasu sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai babba ya makara. A 2010 wani masani Bafaranshe, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 63 ƴan Birazil da Fotugal. Daga cikinsu 10 ba su taɓa karatu ba, 22 sun koya da girmansu kamar ku, 31 kuma tun suna yara. Sai aka ga wurin gane haruffa yana aiki a ƙwaƙwalwar waɗanda suka koya da girma, kamar yadda yake yi ga waɗanda suka shiga lakkwal tun suna ƙanana. Gaskiya ne babba yakan fi jinkiri, kuma in ya daina maimaitawa yakan manta. Amma turbar tana fita.

To, me yake hana wasu? Abin da na fi gani shi ne ido. Bara a wani ƙauye na zauna kusa da wani dattijo da malaminsa ya riga ya fid da rai da shi. Na lura yana miƙe hannu, yana nesanta littafi da fuskarsa. Na rubuta masa haruffa manya a allo, ya karanta su sarai. Daga shekara 40 zuwa sama idon kowa yakan gaza ganin abu na kusa, shi ya sa tsohuwa take ba jikanta allura ya zura mata zare. Tabarau na karatu yana gyara wannan. Akwai kuma yanar ido, da amodari mai juya gashin ido ciki, dukansu ana yi musu aiki a asibiti. Ga shi kuma yawancin azuzuwanmu na maza da dare ake yi, da ƴar fitila ɗaya. Kunne ma a duba shi. Sanƙarau yakan bar mutum da kurumta, wanda kuwa bai ji sautin harafi ba, ba zai riƙe shi ba.

Sai rikita b da d, wanda yake sa malamai fushi ƙwarai. Wannan ba ciwo ba ne. Ludayi, ko ka juya shi dama ko hagu, ludayi ne, kuma haka ƙwaƙwalwa ta saba tun muna yara. Yau kwatsam an ce mata in cikin harafi ya dubi dama b ne, in ya dubi hagu d ne. Mu Hausawa har da ƙarin ɓ da ɗ. Wanda ya yi makarantar allo kuma idonsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, ga boko ya ce a juya. Kada mu manta Damargu ba Hausawa kaɗai ba ne. Wanda ya tashi da Tamajak, kunnensa bai saba raba k da ƙ ba. Duk waɗannan lokaci ne maganinsu.

Amma akwai waɗanda idonsu lafiya, kunnensu lafiya, ba sa fashin zuwa aji, duk da haka karatu ya ƙi. Likitoci suna kiran wannan disleksiya, wato tawayar karatu. Tun 1896 wani likitan Ingila, Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14, mai wayo, mai iya lissafi, wanda ya kasa karatu. Masana sun ƙiyasta mutum 5 zuwa 10 cikin 100 suna da ita. Ke nan a ajin mutum 30 ba a rasa ɗaya ko biyu. Wahalarsu ita ce farfasa kalma zuwa sautukanta. Ka ce musu "gero", sun san gero, amma su ji cewa g ne farko sai e ya biyo, nan ne aiki. Abin yakan bi jini. Na san wata mata mai ita, ɗanta ma a lakkwal yana shan bulala a kan abu ɗaya. Ba sammu ba ne, ba aljanu ba ne. Babu ƙwaya ko allurar da take warkar da ita, tabarau ma ba ya gyara ta. Koyarwa a hankali ce take taimako.

Ga yadda ake yi. A faɗi kalma ana tafi a kan kowace gaɓa: ge-ro, da-wa, wa-ke. A zana harafi a rairayi da yatsa ana furta sautinsa, don hannu da baki da ido su yi aiki tare. Kada a koyar da b da d rana ɗaya. Kada a tsayar da dattijo ya yi karatu gaban aji ana masa dariya. Gobe ba zai dawo ba. Muna da sa'a ɗaya: a Hausa yawancin haruffa yadda aka rubuta su haka ake faɗa, ba kamar Faransanci ba.

Malamai za su ce lokaci kaɗan ne, damina na zuwa, ba za a tsayar da mutum 29 saboda ɗaya ba. Na san haka, ni ma na riƙe alli. Ban ce a tsayar da aji ba. Minti 10 kafin a fara ko bayan an tashi sun isa, ko a haɗa shi da ɗalibin da ya yi gaba. Wanda muka soke sunansa shi ne gobe zai auna maganin ƙwari bai karanta gwangwani ba, ya ba ɗansa magani bai san sau nawa aka rubuta ba, ya dangwala yatsa a takardar bashi bai san abin da ke ciki ba.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya na Belbeji da Tanut shi ne su leƙa cibiyoyi a makon farko, su duba ido da kunne. Ni kuma bana zan zo da allura da zare a aljihu. Duk sunan da na tarar an soke, zan nemi mai shi har gida, in ba shi ya zura.