Gidanmu na Dukawa: Abin da Na Tarar a Neman Salsala

A watan Sha'aban da ya wuce muka taru a tsohon gidanmu da ke cikin birnin Kano domin rabon gadon wani baffanmu. Ana cikin fitar da tarkace daga ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, sai aka ci karo da wata tsohuwar gafaka. Babu littafi a cikinta, sai basilla uku da suka yi tsatsa, da wuƙa mai gajeren baki wadda wasawa ta cinye rabinta, da 'yar takarda mai rubutun ajami. Yaran da ke wurin suka tambaya ko kayan wanzanci ne, aka rasa babban da zai ba su amsa. Daga baya Gwaggo, wadda ta doshi shekara casa'in, ta ce cikin sanyin murya: “Kayan kakanku ne. Da su aka ciyar da duk wanda ke tsaye a nan.”

Na girma ina jin cewa mu jikokin malamai ne da suka taso daga gabas. Ban taɓa jin an kira mu dukawa ba. Tun daga ranar na ɗaura aniyar bin diddigin gidanmu, kuma abin da na tarar ne nake so mu duba tare da mai karatu a wannan mako, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba.

Mu fara da abin da tarihi ya adana. Littafin Tarihin Kano ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Duk wanda ya fito daga gidan sarauta, ko gidan alƙalai da limamai, yana da wurin da zai kama. Amma birnin da waɗannan sarakuna suka mulka, marina da masaƙa da majema da dukawa ne suka ɗaga sunansa. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300, takalma kuma wuri miliyan 10, alhali takalmin da ya fi kowane kyau bai wuce wuri 200 ba. Ko da a ce duk takalman masu tsadar ne, lissafin ya kama ƙafa dubu hamsin a shekara, kowace da hannu aka yanka, da hannu aka ɗinka. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ta ratsa hamada ta Gat da Gadamas har gaɓar teku, Turawa suka saye ta suna kiranta fatar Maroko. Sunan unguwannin Dukawa da Majema yana nan har gobe. Amma wa zai iya kawo mana sunan mutum goma cikin waɗanda suka yi wannan aiki? An ƙirga kuɗin da suka samar, an manta da su.

A wasu ƙasashe abin ba haka yake ba. A Ingila an fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a 1837, ƙidayar 1841 kuma ta rubuta sunan kowane mutum da sana'arsa, saboda haka jikan mai ɗinkin takalmi na garin Northampton yana iya gano kakansa a takarda cikin yini guda. Takalmin Bata da da yawanmu muka je firamare da shi, sunan wani gida ne na masu ɗinkin takalmi a garin Zlin na ƙasar Cek, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni kafin Tomas Bata da 'yan uwansa biyu su kafa kamfani a 1894. Ba su ɓoye asalin ba, da shi ma suke tutiya. Direban tseren motar nan na Jamus, Schumacher, ma'anar sunansa ita ce mai yin takalmi. Mu kuwa sunayenmu ba sa ɗaukar sana'a, ba sa ma wuce uba da kaka. Da boko ya zo, sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu ko unguwarsu, ta haka zaren ya ƙara tsinkewa.

Da yake babu rajistar da zan buɗe, sai na koma wajen Gwaggo, domin da tsohuwar zuma ake magani. Nan na fara cin karo da wahalar farko, wato alkunya. Gwaggo ba ta faɗin sunan mahaifinta, kakarta kuwa, wadda daga bakinta ta ji yawancin labarin, ba ta taɓa furta sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Duk mutanen da nake nema da laƙabi aka san su, kuma laƙabi ɗaya yakan hau mutum biyu ko uku, tunda akan mayar wa jariri sunan kakansa. Sai da na yi mako uku ina rubuta labarin mutum ɗaya kafin na gane cewa mutum biyu ne, kaka da jika, da tazarar kusan shekara sittin a tsakaninsu.

Wahala ta biyu ita ce shekara. Tsofaffinmu ba sa ƙirga ta da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. In ka ce “wace shekara?” ba ka samun komai. In ka ce “wane sarki ke kai?” sai baki ya buɗe. Saboda haka na tsara wa kaina ma'auni: hawan Abdullahi Maje Karofi a 1855, ɓarkewar basasar Tukur da Yusufawa a 1893, shigowar Nasara a 1903, isowar jirgin ƙasa a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da annobar marisuwa ta 1918. Da Gwaggo ta ce an haifi mahaifinta bayan shigowar Nasara da damina biyu, na san ina maganar wajen 1905. Da ta ce kakanta yana saurayi bai yi aure ba lokacin basasa, kuma an sa shi gyaran linzami da kube na mayaƙa, na san haihuwarsa ba za ta yi nisa da 1870 ba. Mahaifin wannan kuwa, wato kakan kakan mahaifina ke nan in aka cire tsani ɗaya, shi ne wanda ya fara shigowa birni, yana yaro, a zamanin Maje Karofi.

A nan ne labarin malaman gabas ya warware. Malami kam akwai shi, kuma daga gabas ya zo, amma ba jininmu ba ne. Almajiranci ya kawo yaron birni daga wani ƙauye, ya sauka a tsangayar wannan malami. Da rana sai ya riƙa zuwa rumfar wani baduku yana jiƙa masa fata, yana murza zare, ana ba shi tuwo. A hankali ya koyi yanka, ya koyi ɗinki, ya fara da kuben laya da zabira har ya kai ga fade da sufadu. Da ya isa aure, maigidan ya ba shi 'yarsa, ya ba shi kusurwar rumfa. Ke nan ta wajen maza mu 'yan haye ne a dukanci, gadon sana'ar ta wajen mace ya shigo mana. Da na bi layin maza kaɗai, kamar yadda masu rubuta salsala suka saba, da ban taɓa gano gidan da ya mayar da mu abin da muke ba.

'Yar takardar ajamin nan ta tabbatar da wani ɓangare. Wani dattijo da ya ƙware da rubutun dā ya karanta mini ita. Ba addu'a ba ce, ba kuma salsala ba. Lissafin bashi ne: ƙafa kaza da aka ba wani falke, wuri kaza da ya biya, wuri kaza da ya rage. Tunda da wuri aka yi lissafin, takardar ta girmi zamanin da sulai da kwabo suka kankama. A ƙasanta akwai sunan mai bin bashin haɗe da na ubansa, kuma su ne sunayen yanka biyu da alkunya ta ɓoye mini. Na koma na karanta wa Gwaggo. Ba ta maimaita su ba, ta dai sunkuyar da kai ta ce, “Su ne. Allah Ya jiƙan maza.”

Dole ne in faɗi cewa ba kowa ya ji daɗin wannan aiki ba. Babban baffanmu da ya rage ya aika aka kira ni. Ya ce, “Ɗana, me kake tonowa? Muna da 'yan mata a gaba. In masu neman aure suka zo binciken asali, so kake a ce musu jikokin baduku ne?” Na ce, “Baffa, Allah Ya ba ka haƙuri. In sun bincika da kyau ai abin da za su tarar ke nan. Gara su ji daga bakinmu.” Ya ce lallai kada in ambaci sunan kowa a jarida, na kuwa ɗauki alkawari, shi ya sa mai karatu bai ga suna ko ɗaya a nan ba.

Ban raina tsoron Baffa ba, domin yana da tushe. Al'ummarmu ta daɗe tana jera sana'o'i hawa-hawa: sarauta da malanta da fatauci a sama, masu aikin hannu a tsakiya, wasu kuma can ƙasa, har ana hana aure saboda sana'ar da kakan mutum ya yi shekara ɗari da suka wuce. Wannan ne ya sa gidaje da yawa, da zarar sun samu boko ko dukiya, suke gyara asalinsu. Uban riƙo ya zama uba, malamin tsangaya ya zama kaka, ƙauyen da aka fito ya koma Borno ko Masar ko Madina. In da za a gaskata duk salsalar da ake ji a wajen ɗaurin aure, da sai a ce babu wanda ya taɓa jima ko saƙa ko fawa a ƙasar Hausa. To, takalman da Barth ya ƙirga, aljanu ne suka ɗinka su?

Hasarar da ke cikin wannan ta wuce ta gida ɗaya. Tarihin da babu talaka a cikinsa yana koya wa yaro cewa daraja tana ga mulki kaɗai, sai ya taso yana ƙyamar aikin hannu, yana jiran ofis da babu shi. A yau manyan majemun Challawa da Sharaɗa suna tura fatarmu Italiya da Sifen, a mayar da ita takalmi da jaka masu tsada, mu kuma muna sayen na roba daga Sin. Matasan da ke ɗinkin takalmi a Ƙofar Wambai suna riƙe da sana'ar da ta kai sunan Kano bakin teku tun kafin a san wani abu wai shi Nijeriya, amma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa gaya wa haka. Mutumin da ya san cewa gidansu ya shekara ɗari da hamsin yana abu ɗaya, yadda zai riƙe abin daban ne da na wanda ke ganin rashin aiki ne ya jefa shi ciki.

Ga ɗalibai da duk mai sha'awa, ga abin da na koya. A fara da tsofaffin mata, domin su ne suka san wa ya auri wa, wa aka riƙe, wa aka haifa. A ɗauki muryarsu a waya da izininsu, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. A tambayi sunan yanka da laƙabi duka biyu, in alkunya ta hana wannan tsohuwa a nemi wata wadda ba ta hana ba. A bambanta ɗan ciki da ɗan riƙo da yaron gida, ba don a ware kowa ba, don a san yadda gidan ya ginu. A tambayi sana'a, da wanda ya koyar da ita, da rumfar da aka zauna. Kada a ƙone takarda don an ga ba a iya karanta ta. Takardar gado, da rasiɗin haraji, da rubutun da ke bayan tsohon littafi, duk shaidu ne. Wanda ya samu hali ya leƙa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ya gwada abin da ya ji da abin da aka rubuta. Abin da baki biyu da ba su haɗu ba suka faɗa iri ɗaya, a riƙe shi. Abin da ya yi daɗin ji fiye da kima, a sake bincikarsa.

Na rubuta namu a shafi huɗu, tsani biyar daga ni zuwa yaron da ya shigo birni da allo a hannu, na raba wa kowane ɗaki. Baffa bai ce mini komai ba. Amma ranar Sallah, da jikokinsa suka je gaisuwa, an ce ya sa an ɗauko gafakar, ya nuna musu yadda ake riƙe basilla, ya ce shi ma yana yaro ya taɓa ɗinka kuben laya a gaban mahaifinsa, har aka ba shi anini. Gwaggo kuwa jikinta ya yi rauni tun bayan azumi. Da na jinkirta wannan aiki zuwa baɗi, mai yiwuwa da babu wanda zan tambaya. Wanda ke da irinta a gida, ya je ya zauna gabanta a wannan makon.