Ƙauyen Ingila a Bakin Baƙo da a Bakin Mai Masauki

Duk wanda ya saurari iyalan sojojin Amurka da suka taɓa zama a ƙauyukan Ingila zai ji labarinsu kusan iri ɗaya ne. Za su ba ka labarin ɗan gidan haya mai ƙananan ɗakuna, da kwalaben madarar da ake ajiye musu a bakin ƙofa tun gari bai waye ba, da cocin dutsen da ya girmi ƙasarsu da ɗaruruwan shekaru. Uwar gida ba ta manta ranar da ta fara tuƙi ta hannun hagu a siririyar hanya mai shinge dama da hagu, ko yadda kayan wutar da ta zo da su suka ƙi amfanuwa sai da taransfoma, domin wutar Ingila ta ninka ta gida ƙarfi. Na gaskata wannan labari, kuma ina ganin darajarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauke shi a matsayin shaidar cewa zaman sojan waje a ƙasar wani alheri ne tsantsa. Baƙo ne ke magana, shi kuwa baƙo bayan shekara uku ko makamancin haka yake naɗe tabarmarsa.

Masu cewa wannan bege farfaganda ce kawai ba su yi adalci ba. Tun 1942 Runduna ta Takwas ta sojan saman Amurka ta cika gabashin Ingila, kuma dubbai daga cikin Amurkawan da suka mutu a yaƙin suna kwance a maƙabartar Madingley kusa da Cambridge. Dubban 'yan matan Birtaniya sun auri sojojin nan sun bi su gida. Har yau sansanonin Lakenheath da Mildenhall na nan a gundumar Suffolk. A cikin shingen sansani, Amurka ce ƙarama: da dala ake ciniki, kanti nasu, makarantar yara tasu. Iyalan da suka zaɓi haya a cikin gari, suka koyi gaisuwar maƙwabta, suka bar 'ya'yansu suna wasa da yaran unguwa, su ne suka ƙulla zumuncin da ake tunawa. Wannan aikin mutanen kirki ne a ɓangarorin biyu, babu janar ɗin da ya ba da umarninsa.

To amma sai a tambayi mai masauki. Shi ne ke kwana yana tashi da rugugin jirage shekara da shekaru. A watan Afrilun 1986, daga Lakenheath jiragen F-111 suka tashi suka yi wa Libiya ruwan bama-bamai da amincewar Firayim Minista Margaret Thatcher, mutanen ƙauyukan kuwa babu wanda ya nemi ra'ayinsu, alhali su ne ke kwana a gindin wurin da ake fargabar ramuwa. A bakin sansanin Greenham Common, mata sun kafa zangon zanga-zanga a 1981 don ƙin makamai masu linzami na nukiliya, ba su tashi ba sai a 2000. Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da ya faru kusa da sansanin Croughton a watan Agustan 2019. Matar wani ma'aikacin gwamnatin Amurka tana tuƙa mota ta ɗauki hannun da ba nata ba, ta buge wani matashi ɗan shekara 19 a kan babur, ya rasu. Kuskuren nan da ake ba da labarinsa ana dariya, shi ne ya ci ran ɗan wasu. Ta bar ƙasar da kariyar diflomasiyya, iyayen yaron suka shafe sama da shekara uku suna fafutuka kafin kotu ta yanke mata ɗaurin wata takwas da aka jingine, ita kuwa tana Amurka tana kallon kotun ta bidiyo.

Za a ce ai mutanen yankin da kansu ba sa son sansanonin su tashi. Haka ne. Da Amurka ta sanar a 2015 cewa za ta bar Mildenhall, hankalin masu gidajen haya da 'yan kasuwa da ma'aikata ya tashi, domin sun ga yadda aka sha fama bayan rufe sansanonin Bentwaters a 1993 da Upper Heyford a 1994. A 2020 aka fasa tashin. Sai dai wannan hujja, in an duba, tana ƙarfafa maganata ne. Garin da abincinsa ya rataya a kan shawarar da ake yankewa a Washinton, ba shi ya zaɓi a tafi ba, ba shi ya zaɓi a zauna ba. Mutanen Agadez sun san wannan, domin sansanin da Amurka ta gina a can ya tashi a 2024 bisa abin da Yamai da Washinton suka yanke, masu ci daga gare shi suka wayi gari da labarin. Ingila ma, duk da arzikinta da ƙawancenta, sai da uwa ta rasa ɗanta kafin gwamnatocin biyu su gyara yarjejeniyar kariyar iyalan ma'aikatan Croughton a 2020.