Robar fitsari: a sa ta kan lokaci, a cire ta kan lokaci

Yau filin namu zai taɓo zancen da kunya ke hana mu yi a bainar jama'a: babban mutum da ke kwance gidan likita, fitsari na zubo masa ba da saninsa ba. A Gure, kamar ko'ina, dangi kan sauya tabarma su yi shiru, wasu ma su rage wa maras lafiya ruwan sha don kada ya jiƙe shimfiɗa. Wannan kuskure ne babba, domin ƙarancin ruwa na sa fitsari ya yi kauri da wari, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Mu ɗauki macen da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye kafin a kawo ta. Kan jariri ya matse mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai yoyon fitsari ya fara. Likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya yi shekaru yana aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan ramin ƙarami ne kuma sabo, aka sa robar fitsari nan take, wadda ma'aikata ke kira sonde, aka bar ta makonni matar na shan ruwa da yawa, wani lokaci ramin kan haɗe ba tare da tiyata ba. Dalili kuwa: mafitsarar da ba ta cika ba, bakin rauninta kan tsaya kusa da juna. Wannan aiki bai fi ƙarfin ungozomar da ta samu horo ba, kuma yana iya hutar da iyali tafiyar sama da kilomita 150 zuwa Damagaram, balle Danja ta Maradi, inda aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012.

To amma robar nan ba abokiyar zama ba ce. Kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin ciwon mafitsara na ƙaruwa. An yi gwaji a ƙasashen Afirka 8, Nijar na cikinsu, sakamakon ya fito a 2015: bayan ɗinkin yoyo mai sauƙi, kwana 7 da roba bai gaza kwana 14 ba. A 2018 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10. Ga mai ɗawainiya da aljihunsa, mako guda ba ƙaramin abu ba ne.

Maza ma zancen ya shafe su. Dattijon da kumburin prostate ya tare wa fitsari, roba ce cetonsa. Amma wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sau da yawa abin da yake buƙata shi ne a miƙa masa tasa kowane awa biyu ko uku, a wanke fata, a tsane ta, a kuma kare shi da labule, domin mutunci ma magani ne. Sa masa roba don kawai a huta da wanki, a ganina, ba jinya ba ce.

Saboda haka, mai jinya, idan an sa wa naka roba, kada jakar ta haura tsayin mararsa, kada ta taɓa ƙasa, kada tiyon ya lanƙwashe. Kowace safiya kuma, cikin ladabi, ka tambayi ma'aikacin likita dalilin barinta da ranar da za a cire ta.